Baturiya za ta yi mini takwara, an ce A'isha "sunan baƙaƙen fata" ne: me zan ce mata?

"Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Ohio ta Amurka, shekarata shida a nan. Akwai wata Baturiya da muke aiki tare, mun shaƙu ƙwarai, ni na riƙa zama da ita lokacin da mahaifiyarta take jinyar ajali. Yanzu tana da ciki wata bakwai, an ce mace ce, kuma ita da mijinta sun yanke shawarar sa wa yarinyar sunana, A'isha. Na yi murna har da hawaye. Amma da wata abokiyar aikinmu baƙar fata 'yar asalin ƙasar nan ta ji, sai ranta ya ɓaci, ta ce wannan sunan baƙaƙen fata ne, su ake hana wa aiki saboda shi, Turawa kuma su ɗauka don ado. Wata Baturiyar kuma ta ja ƙawar tawa gefe ta ce kada ta cuci 'yarta. Ni kaina ya ɗaure. Yaushe sunan Uwar Muminai ya zama na wani launin fata? Da gaske ne yarinyar za ta cutu? Me zan ce wa ƙawata?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama A'isha. Kafin komai ina taya ki murna. Mutum ba ya sa wa 'yarsa sunan wanda bai kwanta masa a rai ba, kuma mu da muka tashi a inda ake yanka rago ranar suna a mayar da sunan kaka ko na aminiya mun san nauyin takwara. Hawayenki suna da dalili.

Tambayar taki a baki ɗaya ce, amma uku ce a ƙunshe. Kina son ki san yadda aka yi sunanki ya samu launi a Amurka. Kina son ki san ko yarinya farar fata za ta sha wata wahala saboda shi. Sannan, ko ba ki faɗa ba, kina son ki san ko abokiyar aikinki tana da gaskiya a fushinta. Shekara 17 ke nan ina koyar da darasin harshe da zamantakewa a wata kwaleji a tsakiyar Amurka, kuma kwana biyu a mako ina zama a ofishin da ke taimaka wa ɗalibai shirya takardun neman aiki. Zancen suna ba ya yanke wa teburina, don haka zan ba ki abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Yadda suna ya samu launi

Bawan da aka sauke daga jirgin ruwa a gaɓar Amurka, bayan an raba shi da 'yancinsa, abu na gaba da ake raba shi da shi sunansa ne. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani mai ilimi daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, an kai shi gonar taba a Maryland a farkon shekarun 1730, aka riƙa kiransa Simon. Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori na gidan sarautar Futa Jalon ya yi shekara 40 yana bauta kusa da Natchez a Mississippi, kuma da ya ce shi ɗan sarki ne sai ubangidansa ya laƙaba masa Prince. Iyayen giji sukan sa wa bayi sunayen manyan Rumawa, su Caesar da Pompey da Cato. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, don a tarihin fadar Kano akwai Ɗan Rimi Allah-bar-Sarki, kuma duk wanda ya ji sunan ya san na bayin sarki ne.

Duk da haka wasu sunayen gida sun tsallake teku. Sunayen rana na mutanen Akan na Ghana, irin Ɗanjuma da Altine a wurinmu, sun rayu a gonakin bayi: Kofi, ɗan Juma'a, ya koma Cuffee, Kojo, ɗan Litinin, ya koma Cudjo. Ga kuma wanda zai fi taɓa ki. Sambo, sunan da Fulani ke kiran ɗa na biyu da shi, sunan da mataimakin shugaban Najeriya ya amsa daga 2010 zuwa 2015, a Amurka zagi ne mai muni ga baƙar fata. Masana sun yi saɓani kan ta inda kalmar ta shiga Ingilishi, amma an samu bayi da yawa masu wannan suna, kuma a hankali aka mayar da shi hoton baƙin mutum malalaci mai washe baki. Ki riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Sambo ba shi da aibi a Adamawa ko a Zariya. Raini ne ya bi mutanen da ke amsa shi, ya maƙale a jikin sunan.

Da aka soke bauta a 1865, 'yantattu da yawa suka zaɓar wa kansu sunan iyali. Wasu suka ɗauki Freeman, wato 'yantacce, wasu suka ɗauki Washington, har ƙidayar jama'a ta 2000 ta nuna kusan kashi 90 cikin 100 na masu sunan Washington baƙaƙen fata ne. Masana tattalin arziki Lisa Cook da Trevon Logan da John Parman sun tono tsofaffin takardun ƙidaya da na mutuwa, suka nuna cewa tun a wancan zamani akwai sunayen da baƙaƙe suka fi riƙewa, irin su Booker da Prince da King da Moses. Amma galibin mutane a lokacin John ne da Mary da James, fari da baƙi.

Babban juyin ya zo ne a shekarun 1960 da farkon 1970, lokacin gwagwarmayar neman 'yanci da ta alfahari da baƙar fata. Malcolm Little ya yar da Little, ya ce sunan ubangidan kakanninsa ne, ya sa X a madadin sunan asalin da aka ɓatar masa, daga baya ya zama Alhaji Malik El-Shabazz. Cassius Clay ya zama Muhammad Ali a 1964, kuma a 1967, da Ernie Terrell ya nace da kiransa Clay, Ali ya riƙa dukansa a cikin zoben dambe yana tambayarsa, mene ne sunana? Ɗan wasan ƙwallon kwando Lew Alcindor ya bayyana wa duniya sunansa Kareem Abdul-Jabbar a 1971. Bikin Kwanzaa na baƙaƙen Amurka da aka ƙirƙira a 1966 ya kawo kalmomin Swahili irin su Imani da Nia. Iyaye baƙaƙe, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka rungumi Jamal da Malik da Rashid da Karim da Latifa da Aisha, don sunaye ne da ke haɗa su da Afirka da Musulunci, kuma ba daga bakin ubangida suka fito ba.

To a nan ne sunanki ya samu launi. Baturen Amurka na lokacin bai san Uwar Muminai ba, bai san Kano ko Alƙahira ko Karachi cike suke da A'isha ba. A kan 'yar maƙwabcinsa baƙar fata ya fara jin sunan, sai ya ajiye shi a ransa a matsayin nasu. Roland Fryer da Steven Levitt sun bi takardun haihuwa na jihar Kalifoniya tun daga 1961, suka ga a farkon shekarun 1960 sunayen fari da baƙi sun yi kusa da juna, sai a cikin 'yan shekaru kaɗan na farkon 1970 suka rabu. Zuwa ƙarshen ƙarnin, sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan mata baƙaƙe da ake haifa a jihar suna samun sunan da ko ɗaya daga cikin 'yan mata farare kusan 100,000 na shekarar ba ta samu ba.

Da yawa daga cikin waɗannan sunaye ƙirƙirarsu iyaye suka yi, da La ko De ko Sha a farko, ko isha a ƙarshe: Lakisha, Latoya, DeShawn, Shanice, Tanisha. A nan zan tsaya in faɗi wani laifi nawa, don na san da yawanmu 'yan Afirka da muka zo daga baya muna da shi. A zangona na farko ina kiran sunayen ɗalibai, na kai kan wani suna da ban taɓa gani ba, na yi tuntuɓe a kansa, na ɗan murmusa na ce, wannan kuma me yake nufi? Yarinyar ba ta ce komai ba. Da aka tashi sai ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa, ta ce mini rabin farko na sunan daga sunan mahaifiyarta aka ɗauko, rabin ƙarshe daga na mahaifinta, wanda ya rasu wata biyu kafin a haife ta. Ta ce, duk lokacin da aka kira ni, su biyun aka kira. Na ba ta haƙuri, kuma tun ranar ban sake tambayar ɗalibi ma'anar sunansa da wannan murya ba. Mu da muke da Anaruwa da Shekarau da Cindo da Ajuji, kowanne da labarin ranar haihuwarsa, bai kamace mu mu raina wanda ya ɗinka suna daga labarin gidansu ba. Kuma ƙirƙirar ba a hargitse ake yin ta ba. Stanley Lieberson da Kelly Mikelson sun gwada a 1995, suka ga mutanen da ba su taɓa jin irin waɗannan sunaye ba galibi suna iya gane na mace da na namiji daga sautin kawai. Kuma ba baƙaƙe kaɗai ke irin wannan ba: Nevaeh, da ya yi tashe a shekarun 2000, kalmar aljanna ce ta Ingilishi aka karanta daga baya zuwa gaba.

Sunaye kuma suna ƙetare iyaka. Tyrone, da yau Ba'amurke ke ji ya hango baƙin saurayi, sunan wata gunduma ce a Ireland ta Arewa, kuma wani ɗan fim farar fata ne ya yi fice da shi a shekarun 1930 da 1940. Leroy daga Faransanci yake, ma'anarsa sarki.

Abin da aka auna

Abokiyar aikinki ba ƙirƙirar zancen hana aiki ta yi ba. Tsakanin 2001 da 2002, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki na ƙarya kusan 5,000 zuwa guraben aiki sama da 1,300 da aka tallata a jaridun Boston da Shikago. Karatu iri ɗaya, gogewa iri ɗaya, sai dai a saman wata takarda a sa Emily ko Greg, a saman wata a sa Lakisha ko Jamal. Masu sunan Turawa sun samu kiran intabiyu fiye da sauran da kashi 50 cikin 100. Wato idan Emily ta aika takarda 10 ta samu kira ɗaya, Lakisha sai ta aika 15. Masu binciken sun ƙiyasta cewa sunan Bature a saman takarda ya yi daidai da ƙarin gogewar shekara 8.

Yanzu ga abin da ya shafe ki kai tsaye. A cikin sunayen mata baƙaƙe tara da suka yi amfani da su akwai Aisha, kuma shi ne ya zo na ƙarshe: kashi 2.2 cikin 100 kawai aka kira, alhali Kristen ta samu 13.1. A ɓangaren maza ma Rasheed ne a ƙasa. Ba na son ki dogara sosai da lambar suna guda, don takardun da suka ɗauki kowane suna ba su da yawa, kuma ina jan hankalin ɗalibaina kullum cewa harin 11 ga Satumba 2001 ya faɗo a tsakiyar lokacin da ake binciken. A ganina sunan A'isha kaya biyu yake ɗauke da su a kunnen wasu masu ɗaukar aiki, na baƙar fata da na Musulunci, kuma ba lallai ne mai sauraro ya san wanne ya tunzura shi ba.

Kada a ce tsohon zance ne. Patrick Kline da Evan Rose da Christopher Walters sun maimaita gwajin da takardu kimanin 83,000 zuwa manyan kamfanoni 108, aka buga sakamakon a 2022. Giɓin ya ragu amma yana nan, kusan maki 2 cikin 100, kuma sun gano abu mai muhimmanci: kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ke da alhakin kusan rabin wariyar, wasu kamfanonin kuwa kusan babu bambanci a wurinsu. Abin bai tsaya a aiki ba. Wani bincike a kan Airbnb, dandalin hayar masauki a intanet, ya nuna mai sunan baƙaƙe yana samun amincewar mai gida ƙasa da sauran da kashi 16 cikin 100. Latanya Sweeney, farfesa a Harvard, ta rubuta sunanta a Google ta ga tallan da ke nuna kamar an taɓa kama ta, ta bi diddigi a 2013 ta gano irin wannan talla ya fi fitowa a kan sunayen baƙaƙe. Duk wannan kuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a wajen ɗaukar aiki, ta 1968 ta haramta a wajen gidaje. Matsalar ita ce wanda aka jefar da takardarsa ba ya sanin dalili, shiru kawai yake ji.

Akwai ɗaya gefen kuma, adalci ne in faɗe shi. Fryer da Levitt, da suka kwatanta mutanen da aka haifa a yanayi iri ɗaya, unguwa iri ɗaya, iyaye masu ilimi da hali iri ɗaya, ba su ga sunan da kansa ya lalata rayuwar kowa ba. Michael Gaddis kuma ya nuna a 2017 cewa kunne ba launi kaɗai yake ji ba, yana jin matsayi: sunayen da iyaye baƙaƙe masu zurfin karatu suka fi sawa, kamar Nia da Jalen, ba a saurin ɗaukarsu na baƙaƙe kamar DeShawn da Tanisha. Mu ma mun san wannan. Ki tuna yadda wasu ke yatsina fuska in an ce Kande ko Tanko, su ce sunan ƙauye, amma su saki fuska in an ce Ilham ko Afnan. Yadda nake haɗa binciken biyu shi ne, suna yana iya rufe ƙofar farko, amma bayan an ga fuskar mutum sunan ya gama aikinsa, saura launin fata da unguwa da makaranta su ci gaba da nasu.

Idan mai sunan fara ce

A nan ne lissafin takwararki ya bambanta. Na taɓa samun ɗaliba farar fata, mai jan gashi, daga wani ƙaramin gari na manoma, wadda mahaifiyarta ta ga wani suna mai farawa da La a littafin sunayen jarirai ta so shi, ba tare da ta san komai a kansa ba. Ta ba ni labarin ranar da ta je intabiyu. Tana zaune a ɗakin jira, su huɗu, sai sakatariya ta fito da takarda a hannu ta kira sunanta, idonta a kan wata baƙar fata da ke gefe. Ɗalibar ta miƙe ta ce ni ce. Matar ta dube ta, ta dubi takardar, ta yi dariya ta ce, ai ba haka na zata ba. Ɗalibar ta ce abin da ya fi damunta yadda kafaɗun matar suka sauka, muryarta ta yi laushi, aka kawo mata kofi. Ta ce tun tana ƙarama take ganin wannan saukar kafaɗa, kuma ta daɗe da gane cewa baƙar da ke gefe ba za a sauke mata ba.

Don haka amsar tambayarki ta biyu ita ce: eh, akwai abin da zai iya samunta, amma a takarda da waya da imel. Wataƙila a wasu wurare a jinkirta kiranta, wataƙila a yi mata tambayoyin da za su gundure ta, wataƙila yara su tsokane ta a makaranta idan unguwar Turawa ce zalla. Sunan mahaifinta ma zai yi tasiri, don mai karatu sunan duka yake gani, kuma A'isha da sunan iyali na Jamusawa ko 'yan Poland a bayansa ba ɗaya ba ne da A'isha Washington. Amma ɗan sanda a hanya ba ya tambayar suna kafin ya ga fuska, mai shago ma haka. Za ta ɗanɗana gefen tuwon ne kawai. Ban ɗauki wannan a matsayin cuta da za ta sa a fasa ba, kuma ɗalibar da na ba ki labarinta ba ta canza sunanta ba, ko da yake hanyar canzawa a kotu a buɗe take.

Shawarar Baturiyar da ta ce kada a cuci yarinya tana da ƙanshin gaskiya, amma ki duba inda take kaiwa. Idan kowa ya guji suna saboda masu wariya ba sa son sa, an bar musu alƙalanci ke nan, su ne za su riƙa raɗa wa 'ya'yan mutane suna.

Fushin abokiyar aikinki

Roƙona gare ki, kada ki je mata da hujjar cewa A'isha sunan Larabci ne, shekara sama da 1,400 ana amfani da shi, don haka ba nasu ba ne. Gaskiya ne, amma ba amsar ciwonta ba ce. A ofishina na zauna da ɗalibai baƙaƙe ina kallo suna goge sunansu na yanka daga saman takarda, su bar harafin farko kawai, ko su sa sunan tsakiya, su cire sunan ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe da suka shugabanta. Wani saurayi ya gama gogewa, ya jingina da kujera ya ce mini, kada kakata ta ji wannan, ita ta zaɓa mini. Kuma abin takaici dabarar tana aiki. Sonia Kang da abokan aikinta sun gwada a 2016: takardun baƙaƙe da aka goge musu alamar launi sun samu kira kashi 25 cikin 100, waɗanda aka bari yadda suke kashi 10.

Macen da ta tashi a cikin wannan, ta ga ana yi wa masu suna irin Shaniqua dariya a talabijin, ta ji ana yaɗa tatsuniyoyin ƙarya na wata uwa da ta sa wa tagwayenta sunan kayan zaki, sannan ta ji Baturiya za ta ɗauki irin sunan a ce mata kai, ya yi daɗi, ya fita daban, dole ranta ya sosu. Ta taɓa ganin haka a kan kitso, a kan kiɗa, a kan salon magana: a jikinsu abin kunya, a jikin Turawa abin yayi. Mu da muka zo da fasfo da digiri ba mu gaji wannan tabo ba. Ni ma ba jikar bayin Amurka ba ce, don haka ba zan yanke mata iyakar abin da ya kamata ta ji ba.

Inda na saɓa da ita shi ne a kan kalmar ado. Wanda ya tsinci suna a intanet don sautinsa ya burge shi, shi ne mai ado. Ƙawarki kuwa sunan macen da ta riƙe mata hannu a bakin gadon mahaifiyarta za ta sa. Kuma ina bambanta sunaye gida biyu. Akwai waɗanda al'ummu da yawa suka yi tarayya a cikinsu, A'isha da Malik da Jamal da Imani, ko Andre da Monique na Faransanci. Akwai kuma waɗanda a cikin gidajen baƙaƙen Amurka aka haife su, babu inda suke sai nan, kamar Lakisha da DeShawn. Da irin na biyun ƙawarki ta zaɓa, ba tare da wata alaƙa da mai sunan ba, da na ce ta sake tunani. Ba don doka ta hana ba, babu dokar da ta ware wa wani launi suna, sai don ɗaukar abin da wasu suka biya da tsada alhali ba ka san farashinsa ba rashin ta-ido ne.

Abin da zan yi da ni ce ke

Zan karɓi takwarar. Amma kafin haihuwa zan zaunar da ƙawar tawa da mijinta in gaya musu duk abin da ke sama, har da lambar nan ta 2.2, don kada wata rana su ce ba a faɗa musu ba. Zan gaya musu wace ce Nana A'isha, 'yar Sayyidina Abubakar, matar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, malamar da aka ruwaito hadisai sama da 2,000 daga gare ta, kuma ma'anar sunan mai rai ce, mai rayuwa. Su sani duk inda yarinyar ta shiga Musulmi za su yi mata sallama suna zaton tasu ce, kuma za su so a riƙe sunan da mutunci. Hukuncin shari'a kan wanda ba Musulmi ba ya sa wannan suna ba fannina ba ne, ki tambayi limamin masallacinku. Ni abin da na gani a ƙasar nan shi ne dubban iyalai Kiristoci baƙaƙe sun riƙe shi shekara 50 da ƙauna.

Idan bayan sun ji jikinsu ya yi sanyi, akwai mafita mai kyau. Yawancin Amurkawa suna uku gare su, kuma sunan tsakiya shi ne inda aka saba ajiye sunan wanda ake son girmamawa. Yarinya ta tashi da biyun, ta zaɓi wanda za ta fito da shi in ta girma. Kada ki ɗauki hakan a matsayin an rage miki daraja, kuma ki faɗa musu haka da bakinki, don kada kunyarki ta sa su yi abin da zuciyarsu ba ta natsu da shi ba. Su ne za su tsaya wa yarinyar a makaranta, ba ke ba. Idan kuma sun tsaya a kan sunan farko, su rubuta shi Aisha kamar yadda aka fi sani, kuma su koyi faɗarsa daidai. 'Yar wasan nan Uzo Aduba, 'yar asalin Najeriya da ta tashi a Massachusetts, ta ba da labarin yadda ta roƙi mahaifiyarta a riƙa kiranta Zoe don an kasa faɗin Uzoamaka, uwar ta ce mata idan sun iya koyon faɗin Tchaikovsky, sunan wani mashahurin mai tsara kiɗa ɗan Rasha, za su iya koyon nata.

Ki lura da iyakar abin da na kawo miki. Gwaje-gwajen nan kiran farko kawai suke aunawa, ba sa bin mutum su ga albashinsa ko farin cikinsa, kuma an tsara su ne don auna wariyar da ake yi wa baƙaƙe, ba rayuwar farar yarinya mai sunan A'isha ba. Abin da na faɗa a kan wannan daga ɗalibai ƙalilan da suka zauna a gabana na samo shi. Kuma takwararki sai nan da shekara 20 za ta fara neman aiki, a lokacin da 'yan aji ɗaya da ita za su haɗa da 'ya'yan Somaliyawan da suka cika Columbus, babban birnin jihar Ohio.

Abokiyar aikinki kuwa, ki neme ta ku biyu kawai, ba a gaban ƙawarki ba, a lokacin hutun cin abinci ko bayan an tashi. Ki ce mata kin ji maganarta, kin je kin bincika, kin ga sunanki ne ma ya zo ƙarshe a gwajin Boston da Shikago. Ki tambaye ta wa ya raɗa mata nata sunan, da abin da ya taɓa jawo mata, ki bar ta ta yi magana har ta gama. Daga nan sai ki ba ta labarin daren da kika kwana a asibiti da ƙawarki, ki gaya mata cewa a garinku wanda aka yi wa takwara shi ke ɗinka wa jaririya kayan suna, kuma ana tambayarsa labarinta har ta yi aure.